Idan Foldar Tarayya Ta Ƙi Buɗuwa



Mas'alarmu ta yau ta shafi ƙananan ofisoshi, da makarantu, da shagunan buga takardu, da ɗakunan shan magani, da kowane wuri da aka haɗa kwamfuta uku ko biyar ko goma a kan rauta guda domin su riƙa musayar takardu a tsakaninsu. Ita ce mas'alar foldar tarayya, wato jakar fayiloli wadda take zaune a cikin kwamfuta ɗaya, amma aka yi wa sauran izinin su shiga su karanta, ko su rubuta, ko su ajiye. Sai a wayi gari, bayan an daɗe ana aiki lami lafiya, akawu ya zauna zai buɗe lissafin jiya, ko malamin jarrabawa zai ɗauko sakamakon ɗalibai, kwamfuta ta ce masa ba ta ga hanya ba, ko ta ce ba shi da izini, ko kuwa ta nemi kalmar sirri, ya ba ta wadda ya saba ba ta kullum, ta ƙi karɓa.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana, alhali kuwa akwai waɗanda suka fi ta girma a ido, shi ne irin maganin da ake yi mata. Galibi idan haƙuri ya ƙare, akan kira wani yaro mai ɗan sani, shi kuwa saboda ɗokin a ga ya iya, sai ya kashe katangar tsaron kwamfuta ɗungurungum, ya cire kalmar sirri, ya buɗe foldar ga kowa da kowa, foldar ta buɗe, a yi masa godiya, a sallame shi, ba tare da mai ofis ya san cewa an saya masa sauƙin yini ɗaya da amincin dukiyarsa da asirin mutanen da suka ba shi amanar takardunsu ba. Ni kuwa abin da nake so in tabbatar muku a yau shi ne, wannan matsala tana da tartibi, wanda duk ya bi shi daki-daki zai iske illar a inda take, ya gyara ta ita kaɗai, ya bar sauran kariyar a tsaye.

Bari mu fara da sanin abin da yake gudana a ƙarƙashin allo. Kwamfutoci ba sa miƙa wa juna fayil sai da wata ƙa'ida ta magana da suka yi ittifaƙi a kanta, sunanta SMB. Wani injiniya na kamfanin IBM mai suna Barry Feigenbaum ne ya fara tsara ta a shekarar 1983, daga baya kamfanin Microsoft ya ɗauke ta ya raine ta a cikin manhajojinsa, har ta zama ita ce harshen da Windows take amfani da shi wajen tarayyar fayil da firinta. An sabunta ta a 2006 tare da Windows Vista, aka sami SMB ta biyu, aka kuma sake sabunta ta a 2012 tare da Windows 8, aka sami ta uku. A 1992 kuma wani ɗalibin ilmi a ƙasar Ostireliya, Andrew Tridgell, ya fitar da manhajar da aka sani yanzu da suna Samba, wadda ta ba kwamfutocin da ba na Windows ba ikon jin wannan harshe, kuma da ita ce yawancin akwatunan ajiyar fayil na ofis suke aiki har gobe. Ku riƙe wannan tarihi, domin za mu bukace shi idan mun zo kan tsofaffin na'urori.

Domin maganar ta zauna a zuciya, mu kira kwamfutar da take riƙe da foldar mai masauki, mu kira wadda take neman shiga baƙuwa. Baƙo ba ya kaiwa ga ɗakin da aka yi masa alkawari sai ya sami hanyar unguwar, ya gane gidan, ya iske ƙofar zaure a buɗe, ya yi sallama an shaida shi, sa'an nan a miƙa masa mabuɗin ɗakin. Waɗannan sharuɗɗa ne masu bin juna, kuma malamanmu na fiƙihu sun riga sun koya mana cewa idan sharaɗi ya faɗi, abin da aka gina a kansa ma ya faɗi. Saboda haka ɓata lokaci ne mutum ya zauna yana jujjuya izini alhali kebul ne ya zare.

Kafin a taɓa kome, a yi tambaya biyu. Ta farko, shin kwamfutoci duka ne suka kasa shiga, ko kuwa guda ɗaya ce? In duka ne, illar tana wajen mai masauki ko wajen rauta. In guda ce, a bar mai masauki ta huta, a fuskanci baƙuwar. Ta biyu, me ya canja tun ranar da abin yake aiki? An sake rauta ne, ko an canja kalmar sirri, ko Windows ta sabunta kanta da dare, ko an ɗauke wuta an tayar da janareta? Na'ura ba ta sauya hali haka kawai ba tare da sababi ba, kuma sau da yawa amsar wannan tambaya ita kaɗai takan kai mutum bakin illar. Bayan haka a karanta saƙon da ya fito a allo da natsuwa, kada a yi gaggawar rufe shi, domin kuwa shaida ne. Saƙon da ya ce ba a sami hanya ba, wanda yakan zo da lamba 0x80070035, yana nufin baƙuwa ba ta ma isa gidan ba. Wanda ya nemi suna da kalmar sirri yana nufin ta isa, ana tantamar ko ita wace ce. Wanda kuwa ya ce ba ka da izini, wannan albishir ne a fakaice, gama an gane ka, mabuɗin ɗaki kawai aka hana ka.

To, sai hanya. A duba ko mai masauki tana kunne, kuma ba barci take yi ba, domin kwamfutar da aka bari ta yi barci don tattalin batir ba ta amsa sallamar kowa, kuma wajibi ne a hana wadda take riƙe da foldar ofis yin barci a lokutan aiki. A duba kebul, a ga ko 'yar fitilar da take bakin raminsa tana ƙyaftawa. A kuma tabbata kwamfutocin biyu a kan rauta ɗaya suke, gama ya zama ruwan dare a ofisoshinmu, idan intanet ɗin ofis ya yi nauyi, ma'aikaci ya jona kwamfutarsa da waifai na wayarsa ya manta, ga shi yana shiga intanet sarai, amma ya fita daga unguwar baki ɗaya. Haka nan rautoci da yawa suna da waifai na baƙi, wanda da gangan aka tsara shi ya raba na'urori kada su ga juna.

Daga nan sai adireshi, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a ƙasashenmu nan ne illar ta fi yawan ɓuya. Kowace kwamfuta a kan rauta tana da lambar adireshi mai kashi huɗu, wadda a ƙananan ofisoshi galibi takan fara da 192.168. Idan kana son ganin taka, danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta cmd, baƙin allo zai fito, ka rubuta ipconfig. A yi haka a kan mai masauki da baƙuwa, a gwama. A bisa tsarin da aka saba, kashi uku na farko dole su zama ɗaya, na huɗun ne kaɗai zai bambanta. Idan ɗaya tana 192.168.1.10, ɗayar kuma tana 192.168.0.7, to, ba unguwa ɗaya suke ba. Idan kuwa ka ga lambar ta fara da 169.254, wannan alama ce bayyananniya cewa kwamfutar ta nemi adireshi wajen rauta ba ta samu ba, ta laƙaba wa kanta na wucin gadi, sai a koma kan kebul da rauta.

Sirrin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, rauta aron waɗannan lambobi take bayarwa, ba kyauta ba. A wurin da wuta take tsayawa, kwamfuta takan daɗe da lamba ɗaya har a ɗauka tata ce ta gado. Amma a wurin da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, rauta ta mutu ta tashi, kwamfutoci su mutu su tashi, ba lalle ba ne kowace ta sake samun lambar da ta riƙe jiya, musamman a kan ƙananan rautoci masu manta rabon da suka yi da zarar sun mutu. Sai ka ga gajeriyar hanyar da aka ajiye a allon akawu tana nuna lamba ta 10, alhali mai masauki ta koma lamba ta 14, lamba ta 10 kuwa tana hannun wayar wani mai ziyara. Maganin wannan na dindindin shi ne a shiga saitin rauta a keɓe wa mai masauki lamba guda wadda ba za a ba kowa ba, aiki ne na 'yan mintoci, kuma a ganina duk wanda ya haɗa wa mutane foldar tarayya bai yi wannan ba, ya bar aikinsa da saura.

Idan lambobi sun daidaita, sai a gwada sallama. A baƙin allon nan na baƙuwa a rubuta ping, a bar fili, a rubuta lambar mai masauki. In amsa ta dawo, hanya lafiya lau. In ba ta dawo ba, kada a yanke hukunci tukuna, domin katangar tsaron Windows takan hana amsa irin wannan sallama idan ba a kunna tarayyar fayil ba, shirun yana iya zama na ƙofa a rufe, ba na rashin hanya ba. Gwajin da ya fi yanke shakka shi ne a sake danna maɓallin Windows da R, a rubuta karan nan mai jingina baya sau biyu, a bi shi da lambar, kamar haka \\192.168.1.10, a danna shiga. Idan foldar ta bayyana ta lamba alhali ta ƙi bayyana ta sunan kwamfuta, an gano cewa fassara suna zuwa lamba ce ta sami tangarɗa, kuma ana iya ci gaba da aiki da lambar.

A nan akwai wani abu da yake ruɗa jama'a. Mutum yakan buɗe sashen da Windows take jera kwamfutocin maƙwabta, bai ga mai masauki a ciki ba, sai ya ce ai ta ɓace. Wannan jeri ba hujja ba ne, yakan yi jinkiri, yakan kuma yi mantuwa, kuma ya dogara da wata hidima ta Windows mai shelar kwamfuta ga maƙwabtanta, wadda ba kullum take tashi da kanta ba. Waɗanda kuma suka saba da HomeGroup tun zamanin Windows 7 su sani Microsoft ya cire shi daga Windows 10 a shekarar 2018, nemansa yanzu wahala ce kawai.

Sai ƙofar zaure. Windows tana raba kowace hanyar sadarwa gida biyu, ko dai ta amana wadda take kira Private, ko ta bainar jama'a wadda take kira Public. A kan ta bainar jama'a takan kulle ƙofar tarayya, wato ƙofa mai lamba 445, kuma ta yi daidai, domin ba ka son baƙon otal ko na filin jirgi ya leƙa cikin fayilolinka. Illar ita ce, duk sa'ad da aka kawo sabuwar rauta, ko aka mayar da tsohuwar saitinta na asali, Windows takan ɗauke ta baƙuwar hanya, ta sa ta a sahun bainar jama'a. Gyaran shi ne a shiga saitin hanyar sadarwa a kan mai masauki, a mayar da ita ta amana, a kunna gano na'urori da tarayyar fayil da firinta, Windows da kanta za ta buɗe ƙofar da ake bukata ta bar sauran a kulle. Idan an sa wata manhajar rigakafin cuta mai tata katangar, ita ma a gaya mata wannan hanya ta gida ce. Ban hana a sauke katanga na minti ɗaya don gwaji ba, amma barinta a sauke bayan an gane illar sakaci ne da amana.

Mu zo ga shaida, inda kwamfuta take neman suna da kalmar sirri. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya rubuta sunansa da kalmar sirrin tasa kwamfutar, alhali mai masauki ba ta san kowa ba sai waɗanda aka yi wa rajista a cikinta. Sunan da za a bayar dole ya zama na asusun da yake cikin mai masauki, kuma ya fi aminci a rubuta sunan kwamfutar, a sa karan nan mai jingina baya, sa'an nan sunan asusun. Lambar PIN da ake buɗe kwamfuta da ita da safe ba ta aiki a nan, domin ita a ɗaure take da na'urarta, kalmar sirri ta ainihi ake nema. Asusun da ba shi da kalmar sirri kuwa, Windows a bisa asalin saitinta ba ta yarda a shiga da shi daga nesa. Akwai kuma wata illa mai wuyar ganewa: idan an taɓa gaya wa baƙuwa ta haddace kalmar sirri, daga baya aka canja ta a wajen mai masauki, baƙuwar za ta yi ta miƙa tsohuwar a ɓoye ana korar ta, ba tare da ta tambaye ka sabuwa ba. Sai a shiga ma'ajiyar kalmomin sirri ta Windows, mai suna Credential Manager, a goge tsohuwar, a sake shiga. Shawarata ga mai ofis ita ce ya buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa a kan mai masauki, domin ranar da wani ya bar aiki a rufe nasa shi kaɗai.

Izini kuma hawa biyu ne, kuma rashin sanin haka ya sa mutane da yawa sun kwana suna gyaran abin da ba shi ne ya lalace ba. Idan ka duba bayanan folda za ka ga shafi mai suna Sharing da wani mai suna Security. Na farko yana hukunta masu zuwa daga nesa kaɗai, na biyu kuwa na tsarin faifan ne da kansa, wanda ake kira NTFS, yana hukunta kowa, na nesa da na kusa. Ƙa'idar ita ce, idan biyun suka saɓa, wanda ya fi tsanani shi ake bi. In ka ba mutum cikakken iko a shafin farko, shafi na biyu kuwa karatu kaɗai ya yarje masa, zai buɗe takarda amma ba zai iya ajiye gyara ba. In kuwa babu sunansa a shafi na biyu sam, ko leƙawa ba zai yi ba. Wannan yakan faru ƙwarai idan an ƙirƙiri foldar a kan fuskar allo ko a cikin jakar takardun mai kwamfutar, domin waɗannan wurare mallakar asusunsa ne shi kaɗai. Ya fi kyau a yi foldar tarayya a wuri mai zaman kansa a kan faifai, a ba kowa gwargwadon aikinsa, mai karatu karatu, mai rubutu rubutu.

Wani haddi kuma da ya kamata makarantu masu ɗakin kwamfuta su sani: Windows irin ta teburi ba ta karɓar baƙi fiye da 20 a lokaci guda. Wanda ya zo bayan an cika za a mayar da shi ko da kome nasa daidai ne, kuma wurin da ya kai wannan girma lokaci ya yi da zai nemi akwatin ajiya na musamman ko cikakkiyar uwar garke.

Yanzu sai tsofaffin na'urori, inda na ce za mu bukaci tarihi. Akwai injinan hoton takardu masu aika abin da suka ɗauka cikin folda, da tsofaffin akwatunan ajiya, da kwamfutoci masu Windows XP, waɗanda ba su jin kome sai SMB ta farko. Ita kuwa wannan ta farkon an gano ɓaraka mai tsanani a cikinta, kuma ta wannan ɓaraka ce annobar WannaCry ta bi ranar 12 ga Mayu, 2017, ta kulle fayilolin kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana neman fansar dala 300 a kan kowace, har asibitocin gwamnati a Ingila suka soke ganin marasa lafiya saboda ita, alhali kuwa Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na wannan shekara, mutane ne ba su sabunta ba. Tun daga ƙarshen 2017 sababbin fitowar Windows 10 suka fara janye SMB ta farko. Haka kuma a fitowar Windows 11 ta 2024, wadda ake kira 24H2, an ƙara tsanantawa a kan nau'in Pro: an wajabta sa hannu a kan saƙonnin SMB, an kuma hana shiga folda da sunan baƙo marar kalmar sirri, shi ya sa ofisoshi da dama suka kwana da folda tana buɗuwa suka tashi ta ƙi.

Za ku sami masu ba ku shawarar ku mayar da SMB ta farko, ko ku halatta shigar baƙo marar shaida, kuma haƙiƙa foldar za ta buɗe. Ni dai ina roƙonku da girman amanar da take hannunku, ta albashin ma'aikata, da sakamakon 'ya'yan mutane, da bayanan marasa lafiya, kada wannan ya zama matakinku na farko. A fara neman sabuwar manhajar injin daga kamfanin da ya ƙera shi, domin da yawansu an yi musu gyaran da suke jin SMB ta biyu. A buɗe wa akwatin ajiya asusu mai suna da kalmar sirri, galibi wannan kaɗai yakan warware rikicinsa da Windows 11. Injin hoton da ya ƙi sabuntuwa kuwa a sa shi ya riƙa aikawa ta imel ko ya ajiye a filash. In lalura ta tilasta a riƙe tsohuwar kwamfuta saboda wata manhaja da ba ta aiki sai a kanta, a raba ta da intanet, a kuma raba ta da foldar ofis. Ku sani kuma cutar da take kulle fayiloli, idan ta kama kwamfuta ɗaya, takan bi ta kulle duk foldar da wannan kwamfuta take da izinin rubutu a cikinta, don haka a riƙa kwafe foldar tarayya a kan faifai na dabam a kai a kai, a zare shi a ajiye a aljihun tebur mai makulli bayan an gama.